Sarkin da Ya Rasa Wurin Zuwa Bai Mutu Ba



Yau za mu zauna ne a gaban allon wasan ces, darar nan mai gidaje 64. A da sai a wasu makarantu da gidajen 'yan boko ake ganinta, yanzu kuwa wayar hannu ta kai ta ko'ina, matasa suna karawa a Lichess da Chess.com da mutanen da ba su taɓa gani ba. Duk wanda ya fara koyon wasan nan akwai wani baƙin ciki da ke jiransa a gaba, wanda ya fi na shan kaye ciwo. Ya cinye mayaƙan abokin karawarsa kaf, ya bar masa sarki shi kaɗai a lungu, shi kuwa yana riƙe da sarauniya, wataƙila ma biyu. Ya yi taku ɗaya, sai wayar ta nuna masa an tashi kunnen doki. Masu wasa suna kiran wannan sitalmet. Mu a shirin nan za mu ce da shi kiki-kaka.

Tunda rediyo ba ta nuna hoto, bari mu fara daidaita bakinmu. Sarki da sarauniya da doki kowa ya san su. Wadda ke zama a kusurwa, mai tafiya a miƙe, za mu kira ta hasumiya. Mai tafiya a karkace za mu kira ta giwa, kamar yadda Larabawa ke kiranta. Ƙananan nan takwas na sahun gaba su ne dakaru. Layukan da suka miƙe daga gabanka zuwa gaban abokin wasanka suna da haruffa daga a zuwa h, sahun da suka gitta kuma suna da lambobi daga 1 zuwa 8. Wanda ke da allo a kusa, ya jawo shi.

Dokar hukumar wasan ta duniya, FIDE, wadda aka kafa a Paris a 1924, a fili take. Idan takun ɗan wasa ne, sarkinsa ba ya ƙarƙashin hari, kuma ba shi da ko taku ɗaya da doka ta yarda da shi, wasa ya ƙare nan take, kowa ya ɗauki rabin maki. Abin ya samo asali ne daga wasu ƙa'idoji biyu da suka yi karo. A ces ba a cewa na yafe takuna, kai ci gaba. Kuma ba a yarda mutum ya kai sarkinsa gidan da za a ci shi ba. To ga mutum dole ya yi taku, ga shi duk takun da ke gabansa haramun ne. Bambancin wannan da cekmet, wato kashe sarki, abu ɗaya ne tak: a cekmet akwai hari a kan sarki kuma babu mafita, a kiki-kaka babu mafita amma kuma babu hari. Ku riƙe wani abu a nan, domin yana jawo musu a tsakanin sababbin 'yan wasa. Maƙalewar sarki kaɗai ba ta isa ba. Muddin mutum yana da ko da dakare guda da zai iya turawa gaba, wasa bai ƙare ba, sai ya tura shi.

Na san abin da ya sa dokar nan take yi wa mutanenmu nauyi. Da yawanmu da diraf muka tashi, a majalisa da bakin kasuwa, kuma a diraf wanda aka toshe wa hanya ya rasa abin turawa, shi aka ci. Haka abin yake a darar Sinawa ma. Sai mutum ya shigo ces da wannan sabo, yana ganin ƙure abokin wasa ita ce nasara, ya tarar an raba maki da shi.

Ko a cikin ces ɗin ma an daɗe ana ja-in-ja. A shaɗaranji, tsohon wasan ces da aka buga a ƙasashen Musulmi tun zamanin Abbasiyawa, galibi wanda ya ƙure abokinsa shi ke da nasara. A Sifaniya an taɓa ɗaukar abin a matsayin nasara mai rauni, wadda ba ta kai cikakkiya ba. A Ingila kuwa, daga wajejen 1600 zuwa 1800, lamarin ya juye gaba ɗaya: wanda ya jefa abokinsa cikin kiki-kaka shi ne ya faɗi. Mutanen Italiya sun daɗe suna ɗaukarsa canjaras, kuma a farkon ƙarni na 19 wani gwanin London mai suna Jacob Sarratt ya dage sai Ingila ta bi wannan hanya. Daga wannan ƙarni doka ta zauna a yadda muka san ta. Har yau ba a rasa masu ja ba. Larry Kaufman, wani gwani ɗan Amurka, yana ganin wanda ya ƙure abokinsa ya cancanci fiye da rabin maki.

Ni dai ina tare da dokar yadda take, kuma ina da hujja. Manufar wasan nan kashe sarki ce, tara mayaƙa hanya ce kawai ta kaiwa can. Wanda ya tara sarauniya biyu ya kasa kai hari na ƙarshe bai gama aikinsa ba. Sannan da a ce kiki-kaka nasara ce, da kusan duk wanda ya fi abokinsa da dakare ɗaya a ƙarshen wasa ya ci, da mai rauni ba shi da sauran abin da zai yi fata. Wannan dokar ce ta sa ƙarshen wasa ya zama ilimi mai zurfi da ake rubuta wa littattafai.

To mu zo kan allo, mu fara da inda aka fi yin ɓari, wato sarki da sarauniya a kan sarki shi kaɗai. Sarauniya ce ta fi kowa ƙarfi, kuma ƙarfin nata ne haɗarin, don ita kaɗai tana iya rufe duk gidajen da ke kewaye da sarki ba tare da ta taɓa shi ba. Akwai dabarar da ake koya wa masu farawa, mai kyau ƙwarai. Ka ajiye sarauniyarka da tazarar tsallen doki daga sarkin abokin wasa, wato gida biyu a miƙe, ɗaya a gefe. Duk inda ya matsa, ita ma ta yi irin matsawarsa. Ba ka kai masa hari ko sau ɗaya, amma filinsa yana ta raguwa har ya kai bakin allo.

Wannan dabarar da kanta ita ce ke kai mutum rami idan bai san wurin tsayawa ba. Ku jera mu gani. Baƙin sarki yana g8, farar sarauniya tana e7. Sarki ya matsa lungu, ya koma h8. Hannu ya saba, yana so ya bi shi da sarauniya zuwa f7. Da ta sauka a f7 wasa ya mutu: ta rufe g8, ta rufe g7, ta rufe h7, kuma ba ta kai hari h8 ba. Haka ma idan ta sauka a g6. Kowane lungu na allo yana da irin waɗannan gidaje biyu. Idan sarki yana a8, su ne b6 da c7. Abin da ya kamata shi ne ka cire hannunka daga sarauniya, ka bar ta a e7. Baƙin sarki yana da ɗaki biyu, g8 da h8, zai yi ta kai da komo a tsakaninsu. Kai kuma ka taho da sarkinka a hankali, taku bayan taku, har ya iso f6. Daga nan sarauniya ta shiga g7, sarkinta yana tsaron bayanta, wasa ya ƙare da nasara. Sarauniya ita kaɗai ba ta kashe sarki a filin da babu kowa, sai sarkinta ya zo. Mai koyo yakan manta da sarkinsa a can baya, don tun farkon wasa an ce masa ya ɓoye shi, alhali a ƙarshen wasa sarki mayaƙi ne da ake fitowa da shi.

Kuma babu abin da ke korar ka. Doka ta ba da taku 50 ga kowane ɓangare kafin a nemi canjaras idan ba a ci komai ba kuma ba a tura dakare ba. Sarki da sarauniya, a hannun wanda ya iya, ba sa wuce taku 10 daga ko'ina a allo. Sarki da hasumiya ba sa wuce 16. Abin da ke jawo gaggawa shi ne agogo, musamman a wasannin nan na minti uku ko biyar da ake yi a waya, inda mutum ke shirya takunsa tun abokinsa bai yi nasa ba. Shawarata ga mai koyo ita ce ya riƙa buga wasa mai tsawon lokaci, minti goma sha biyar ko fiye, har hannunsa ya faɗa.

Ga wata ƙa'ida da nake so kowa ya tafi da ita. Takun da ya kai wa sarki hari ba zai taɓa zama kiki-kaka ba, ko kusa. Haɗarin duk yana cikin takun shiru, wanda ba ya kai hari: matso da sarki, gyara zaman sarauniya, cin wani dakare da ya rage, naɗa sabuwar sarauniya. Don haka kafin kowane takun shiru, a lokacin da abokin wasanka ya rage da sarki kaɗai ko da dakarun da suka toshe, ka tsaya ka nuna da idonka gidan da zai koma bayan takunka. Idan ka nemi gidan ka rasa, kada ka saki hannu. Ba ina cewa ka yi ta kai hari babu tsari ba, don wannan ma yana ƙarewa da canjaras ta hanyar maimaita zama ɗaya sau uku. Abin da nake nufi shi ne mai koyo yakan zuba ido a kan takunsa shi kaɗai, ba ya tambayar me ya rage wa ɗayan. Wannan tambayar ita ce maganin.

Sai maganar kwaɗayi, wanda Hausawa suka ce mabuɗin wahala ne. Za ka ga yaro yana da sarauniya da hasumiya, abin da ya ishe shi kashe sarki cikin 'yan taku, amma sai ya koma tura dakaru don ya naɗa sarauniya ta biyu da ta uku. Kowace sabuwar sarauniya tana rufe wasu gidaje da bai lissafa ba. In har dole ne ka kai dakare ƙarshen allo, doka ba ta tilasta maka sarauniya ba, kana iya ɗaukar hasumiya, wadda ba ta rufe gidajen karkace. Haka nan dakaren abokin wasa da ba ya yi maka barazana, ba lallai ne ka cinye shi ba. Muddin yana iya tafiya, yana kare ka daga kiki-kaka. Sai dai ka riƙa lura, don takunsa yana ƙarewa.

Wuri na biyu da ya cancanci a zauna a kansa shi ne sarki da dakare ɗaya a kan sarki. Ku jera farin sarki a d6, farin dakare a e6, baƙin sarki a d8, takun fari ne. Ya tura dakare e7, da hari. Baƙi ya shiga gabansa a e8. Yanzu fari yana da zaɓi biyu, duka marasa daɗi: ko ya janye ya bar dakaren a ci, ko ya matsa e6 ya tsare shi, baƙin sarki ya rasa wurin zuwa. To ku sauya abu ɗaya kawai, ku mayar da baƙin sarki e8 tun farko. Fari ya tura e7, wannan karon ba hari. Dole baƙi ya fita zuwa f7, farin sarki ya shiga d7, dakare ya zama sarauniya. Daga nan masana suka fitar da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: dakaren da ya hau sahu na bakwai da hari, a irin wannan zama, canjaras ne, wanda ya hau shiru kuwa nasara ce. Kuskuren yakan faru tun kafin a zo nan, lokacin da mai koyo ke tura dakare gaba sarki yana biye da shi. Sarki ne ya kamata ya wuce gaba ya share hanya. Idan sarkinka ya kai sahu na shida a gaban dakarenka, ka ci wasan ko takun waye.

Banda dakarun bakin allo, na layin a da na layin h. Su kam idan sarkin da ke kare kansa ya riga ya shiga lungun da dakaren zai sauka, babu mai fitar da shi. Ko an ƙara maka giwa, idan launin gidajen da take bi ya saɓa da launin lungun, aikin banza ne. Wannan ba matsalar masu koyo kaɗai ba ce. A gasar kambin duniya ta 1978 a Baguio ta ƙasar Filifin, a wasa na biyar, Viktor Korchnoi ya rage da giwa da dakaren bakin allo a kan Anatoly Karpov. Ya yi ta neman hanya har taku na 124, wasan ya ƙare da kiki-kaka. Shi ne wasa mafi tsawo a tarihin gasar kambin, har sai da Magnus Carlsen da Ian Nepomniachtchi suka yi taku 136 a Dubai a 2021.

Yanzu mu juya allon, mu zauna a kujerar wanda ake shirin ci. Ga shi, kiki-kaka makami ne halastacce, kuma babu abin kunya a neman sa. Ina jin takaicin yadda masu koyo ke saurin miƙa wuya da zarar sun rasa sarauniya. A matakinku, wanda kuke karawa da shi ma yana koyo ne, ku bar shi ya nuna ya iya gamawa. Idan kana da sarki da 'yan dakaru, ka tura su har su toshe. Idan sarkinka ya riga ya maƙale kuma kana da mayaƙi ɗaya mai motsi, ka nemi hanyar ba da shi da hari, yadda dole a ci shi.

Misali mafi shahara ya faru a gasar Amurka ta 1963 zuwa 1964 a New York, gasar nan da Bobby Fischer ya ci wasanninsa 11 duka. Larry Evans yana karawa da Samuel Reshevsky, wanda ya lashe gasar ƙasar sau da dama. Reshevsky ya fi shi da doki, kuma ya kewaye sarkinsa. Evans ya tura wani dakare ya toshe shi, ya koma lungu da sarkinsa a h1, ya bar wani dakaren a fili. Reshevsky ya ci da sarauniya. A nan sarkin Evans ya rasa wurin zuwa, dakarunsa duk a toshe, saura sarauniya da hasumiya. Ya jefa sarauniyar gaban sarkin Reshevsky da hari, aka ci. Ya biyo da hasumiya, ita ma da hari. In an ci ta kiki-kaka ne, in ba a ci ba za ta yi ta bin sarki da hari babu ƙarewa. Aka tashi canjaras. Kuma ba wannan ne karon farko ga Reshevsky ba, don a gasar 1942 Carl Pilnick ya miƙa masa sarauniya a irin wannan tarko, wasan da yake hannunsa ya kuɓuce. Idan gwani irin wannan zai faɗa sau biyu, to tambayar nan ta me ya rage wa ɗayan ba ta masu koyo kaɗai ba ce.

Akwai ma inda dakare ɗaya tak ke tsayar da sarauniya. Baƙin sarki a g1, dakarensa a f2 saura taku ɗaya ya sauka, farin sarki yana nesa. Sarauniya ta kai hari daga g3. Maimakon baƙi ya shiga gaban dakarensa, sai ya koma h1 ya bar shi. Idan sarauniya ta ci f2, ta rufe g1 da g2 da h2, wasa ya tsaya. Shi ya sa sarauniya ke cin dakarun layukan b da d da e da g a irin wannan zama, amma na a da c da f da h sukan gagare ta idan sarkinta bai kusa ba.

Zan bar ku da wani zama da ya shahara tun 1895, wanda ke ɗauke da sunan Fernando Saavedra, wani limamin coci ɗan Sifaniya da ke zaune a Glasgow ta Sikotland. An buga zaman a wata jaridar garin a matsayin canjaras, shi ya gano akwai nasara a ciki. Farin sarki a b6, farin dakare a c6. Baƙin sarki a a1, baƙar hasumiya a d5. Fari ya tura c7. Hasumiya ta fara kai hari daga d6, sarki ya sauko b5, ta biyo shi d5, ya sauko b4, ta koma d4, ya sauko b3, ta koma d3, ya shiga c2. Hari ya ƙare, dakare zai sauka. Sai baƙi ya mayar da hasumiya d4. Idan fari ya naɗa sarauniya a c8, hasumiya za ta faɗo c4 da hari, sarauniya ta ci ta, baƙin sarki a a1 ya rasa wurin zuwa. Saavedra ya ce a naɗa hasumiya. Yanzu idan baƙi ya ba da tasa a c4, an ci ta a banza, don gidan a2 a buɗe yake. Kuma sabuwar hasumiyar tana shirin zuwa a8 ta gama da sarki. Dole baƙi ya tare da hasumiyarsa a a4. Farin sarki ya koma b3, yana barazanar cin ta, a lokaci guda kuma ya buɗe wa tasa hanyar c1, inda za ta kashe sarki. Baƙi ba shi da takun da zai tare duka biyun.

Ku jera shi a allo, ku buga shi ta ɓangaren fari, sannan ku juya ku buga ta ɓangaren baƙi. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki kashe sarki da hasumiya ɗaya, taku bayan taku.